Injin cikin taya ko na bel: wanne ya dace da siketbod mai lantarki da nake haɗawa?

Sabon Shiga

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu wannan sana'a. Yau kusan wata huɗu ke nan ina tattara kayan haɗa siketbod mai lantarki, wato allon zamiya mai tayoyi huɗu wanda batir ke tuƙawa, kuma na iso matakin da na kasa yanke shawara ni kaɗai. Katakon yana hannuna, tsawonsa santimita 95. Batir ma na kammala shi da ƙwayoyin Samsung 30Q guda 30, a tsarin da ake rubutawa 10S3P, wato rukuni goma a jere, kowane rukuni da ƙwaya uku, wanda ke ba da bolt 36 a matsakaici da bolt 42 idan ya cika. Abin da ya rage shi ne inji da hanyar da zai bi ya juya taya, kuma a nan ne hankalina ya rabu biyu tsakanin injin da ake ginawa a cikin tayar kanta da wanda ake ɗaurawa a gefe ya ja tayar da bel.

Bari in bayyana yanayin da zan yi amfani da shi. Nauyina kilo 85, allon da batir za su ƙara kamar kilo 10. Tafiyar da zan riƙa yi kullum kilomita 7 ce zuwa, 7 dawowa, mafi yawanta a shimfiɗe, sai dai akwai hawa guda ɗaya mai tsawon mita 600 wanda, bisa ma'aunin wayata, yake tashi mita 10 a kowace mita 100. Kwaltar kuma ba sumul take ba, akwai tsagu da 'yar tsakuwa a wurare da dama.

Makon jiya wani abokina ya ara mini allonsa mai injin cikin taya guda biyu, na bi wannan hanya da shi. A shimfiɗaɗɗen wuri ya burge ni ƙwarai, domin babu ƙara, babu abin da ke leƙowa a ƙasa, kuma da na saki rimot sai ya ci gaba da tafiya kamar allon da ba shi da inji. Amma tun kafin in kai rabin hawan na ji ƙarfinsa yana raguwa, da na isa sama na sauka na taɓa murfin ƙarfen tayar baya, sai na kasa riƙe yatsana a kai ko na daƙiƙa biyu. Ƙafafuna kuma sai da suka mutu saboda jijjiga.

To, shin wannan zafi ɗabi'ar injin cikin taya ce, ko kuwa na abokina ne ba mai kyau ba? Sannan na ga ana rubuta KV 75 a kan irin waɗannan injuna, alhali na bel ana rubuta KV 190, shin hakan na nufin na bel ya ninka shi ƙarfi? A ƙarshe, inji ɗaya zai ishe ni ko dole sai biyu? Ina neman shawararku kafin in sayi abin da zan zo ina da-na-sani.

Mai Naɗin Koyil

Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka yi kyan kai da ka kawo nauyinka da tsawon hawan, domin da su za a yi lissafi. Sana'ata naɗin koyil na injunan lantarki ce, shi ya sa zan fara da tambayarka ta biyu, don idan ta warware, ta farkon za ta biyo ta.

KV ba ma'aunin ƙarfi ba ne. Abin da yake faɗa maka shi ne sau nawa inji zai juya a minti ɗaya a kan kowane bolt ɗaya idan babu kaya a kansa. Inji mai KV 190 a kan bolt 36 zai juya sau 6,840 a minti, wanda ya yi wa taya yawa matuƙa, shi ya sa ake sa masa ƙaramin fuli, wato faifan da bel ke kewayawa a kansa, mai haƙora 15 ya ja babban fuli mai haƙora 36 da ke jikin taya. Wannan ya rage gudun sau 2.4, tayar ta koma juyi 2,850 a minti, kuma da taya mai faɗin milimita 90 hakan ya kai kimanin kilomita 48 a awa ba tare da mutum a kai ba. Injin cikin taya ba shi da fulin da zai rage masa gudu, juyinsa ɗaya juyin taya ɗaya ne, saboda haka dole a naɗa shi ya zama mai jinkiri tun daga ciki. KV 75 a kan bolt 36 juyi 2,700 ne, kimanin kilomita 46 a awa. Ka ga ke nan duk wuri ɗaya suka nufa.

Ƙarfin murɗa ma haka abin yake. Idan ka raba 9.55 da KV, za ka samu kimanin ƙarfin murɗar da inji ke bayarwa a kan kowace amfiya. Na KV 190 yana ba da 0.05 na niyuton-mita, fulin ya ninka shi sau 2.4 ya zama 0.12 a taya. Na KV 75 yana ba da kusan 0.13 kai tsaye. Hawanka kuwa, da kilo 95 gaba ɗaya, yana ja da kai baya da ƙarfin niyuton 93, wanda a kan taya mai milimita 90 ya zama niyuton-mita 4.2, ban da gogayyar taya da iska. Idan inji biyu suka raba wannan kaya, kowanne zai sha amfiya 17 ko fiye da haka kaɗan, ko na bel ne ko na cikin taya. Saboda haka masu cewa injin cikin taya ba shi da ƙarfi ba su faɗi abin daidai ba. Yana da ƙarfin, matsalar ita ce abin da yake biya kafin ya fitar da shi.

A nan ne sana'ata ta shigo. Da za ka kawo mini inji mai KV 190 ka ce in mayar da shi KV 79 domin ya juya taya babu fuli, sai na ninka yawan zagayen wayar sau 2.4 a kan kowane haƙorin ƙarfe. Ramin da wayar ke shiga bai ƙaru ba, don haka dole in nemi waya wadda ta fi siranta sau 2.4 ta fuskar kaurin jan ƙarfen da ke cikinta. Waya ta ƙara tsawo sau 2.4, ta kuma ƙara siranta sau 2.4, turjiyarta ga lantarki ta tashi sau 2.4 sau 2.4, wato sau 5.76. Zafin da koyil ke fitarwa kuwa amfiya sau amfiya sau turjiya ne. Tun da amfiyar ɗaya ce, injin da ke zubar da wat 20 a matsayin zafi idan yana da fuli zai zubar da wat 115 idan an raba shi da fuli, a kan hawa ɗaya da mutum ɗaya. Babu wata dabarar naɗi da za ta kauce wa wannan, na gwada da hannuna a kan injuna iri-iri.

Masu ƙera injin cikin taya sun san haka, shi ya sa suke faɗaɗa injin su cika shi da ƙarfe da maganaɗisu gwargwadon abin da tayar za ta ɗauka. To amma duk milimitar da inji ya ci, daga roba aka cire ta. Idan inji ya cinye milimita 70 cikin 90, abin da ya rage tsakaninka da kwalta roba ce mai kaurin milimita 10 kacal a kan ƙarfe, alhali cikakkiyar taya sau da yawa tana da ninkin hakan. Wannan shi ne dalilin mutuwar ƙafafunka. Kuma ita wannan roba ta yuretan ba ta wuce da zafi, ta lulluɓe injin kamar bargo, ta bar masa murfin gefe da aksul kaɗai a matsayin mafitar zafi. Injin bel kuwa gwangwaninsa a waje yake, yana juyi sau dubbai a minti cikin iska.

Zafin kuma yana ciyar da kansa. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.39 cikin ɗari a kan kowane digiri, ta yadda koyil da ya tashi daga digiri 20 zuwa 100 turjiyarsa ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, ya ƙara zafi ke nan a kan amfiyar da bai ƙara ba. Maganaɗisun niyodimiyam na gama-gari digiri 80 aka ƙayyade masa, mai alamar H digiri 120, mai SH digiri 150, kuma idan ya wuce haddinsa ƙarfin da ya rasa ba ya dawowa ko ya huce. Na sha buɗe injin da koyil ɗinsa lafiya lau, ko baƙi bai yi ba, amma maganaɗisun ya yi laushi har ƙaramar sukundireba ba ta manne masa da ƙarfi kamar da. Irin wannan inji zai ci gaba da juyawa, sai dai kullum yana neman ƙarin amfiya don aikin da ya saba yi.

A gudun kilomita 20 a awa, hawanka zai ɗauki kusan minti biyu, kullum, da kilo 95. Ni dai a wannan yanayi bel zan sa, ba tare da wani kokwanto ba.

Mahayin Kullum

Malam Mai Naɗin Koyil, lissafinka ba shi da gyara, kuma na ƙaru da shi. Amma ina ganin adalci ne a faɗa wa ɗan'uwanmu ɗaya ɓangaren, domin mita 600 ce kawai hawa cikin kilomita 7, sauran hanyar fa?

Na fara da bel, na yi shekara ɗaya da shi, sannan na koma injin cikin taya, yau shekara biyu ke nan. Abin da ya kore ni daga bel shi ne tsakuwa. Babban fuli mai haƙora 36 faɗinsa kusan milimita 57 ne, a cikin taya mai milimita 90 tsakaninsa da ƙasa kusan milimita 16 ne kawai. Ƙaramar tsakuwa ta isa ta yi tsalle ta shige tsakanin bel da fuli, ka ji ƙas, bel ya huje ko ya tsinke. Ya faru da ni ina tsakiyar taka birki a gangara, da inji ɗaya a lokacin, kuma tsinkewar bel na nufin birkin ma ya tafi, domin a waɗannan alluna injin ne birki. Tun da ɗan'uwa ya ce hanyarsa da tsakuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya kuma lissafin zafi yana juyawa. Ƙarfin murɗar da ake buƙata kaɗan ne, amfiya kaɗan ce, zafin koyil ba ya taka kara ya karya. Abin da ke cin batir a lokacin shi ne gogayyar bel da asarar da ke faruwa a cikin ƙarfen inji mai gudun juyi dubu biyar ko shida a minti, kuma injin cikin taya ya tsira daga na farko, na biyun kuma kaɗan ne a wurinsa. Ranar da batir ya ƙare mini a hanya, da ƙafa na tura allon har gida kamar kowane siketbod. Wanda ya taɓa tura allo mai bel biyu ya san yadda yake riƙe ƙafa. Kuma tunanin sa inji a cikin taya ba sabon abu ba ne da za a ce bai nuna ba, tun a shekarar 1900 Ferdinand Porsche ya nuna motar Lohner-Porsche mai irin wannan inji a baje kolin birnin Faris.

Wani abu kuma, ɗan'uwa, kada ka ɗora wa inji duk laifin raguwar ƙarfin da ka ji. Idan batir ɗin abokinka ƙarami ne, boltej ɗinsa yana faɗuwa a kan hawa, na'urar sarrafawa ta rage ƙarfi don ta kare shi. Zafin murfin gaskiya ne, amma raguwar tana iya fitowa daga can.

Duk da haka, zan faɗi gaskiya a kaina: nauyina kilo 62 ne, kuma babu doguwar hawa a hanyata. Idan ka zaɓi injin cikin taya duk da nauyinka, to lallai ya zama biyu, masu sansar zafi a ciki, masu robar da ake cirewa a sauya, kuma kada faɗinsu ya gaza milimita 90. Ka kuma san cewa boris ɗinsa yana shan duk dukan da hanya ke yi kai tsaye, nawa na sauya su da zarar na fara jin gurnani idan na juya tayar da hannu. Akwai kuma tsari na tsakiya da ya kamata ka duba, inda ake ɗaura injin a kan aksul daf da taya, ya juya cikakkiyar taya ta hanyar wani mahaɗi ba tare da bel ba. Ya magance jijjiga kuma iska tana samun injin, amma juyi ɗaya ga juyi ɗaya ne har yanzu, don haka lissafin Malam na amfiya da turjiya yana nan a kansa, kuma gwangwanin yana kusa da ƙasa, rami ko dutse na iya samunsa.

Sabon Shiga

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Bayanin naɗin waya ya buɗe mini ido, domin da can ina zaton babban KV shi ne babban ƙarfi. Na tambayi abokina, batir ɗinsa 10S2P ne, wato ƙwayoyi 20 kacal, don haka mai yiwuwa abubuwan biyu suka haɗu kamar yadda Malam Mahayi ya faɗa. Bayan na auna komai, na karkata ga bel saboda hawan da kuma ƙafafuna, amma labarin tsinkewar bel a kan gangara ya tsaya mini a rai, domin wannan hawa ita ce gangarar da zan sauko kowace safiya. Shin inji ɗaya babba, mai lamba 6374, zai wadatar, ko in sa masu lamba 6355 guda biyu? Kuma wace na'urar sarrafawa za ta dace da batir ɗina, da wane saiti?

Mai Walda da Lantarki

Ɗan'uwa, tun da safe za ka fara da gangara, akwai magana mai muhimmanci da zan zo kanta, amma bari in fara da injin.

Lambobin nan girman jiki suke nufi: 63 faɗin gwangwani ne a milimita, 55 ko 74 kuma tsawonsa. Inji ɗaya 6374 zai haura da kai hawan, wannan ba abin shakka ba ne. Amma ina ba ka shawarar 6355 guda biyu, kuma dalilina birki ne, ba gudu ba. Da inji ɗaya, taya ɗaya cikin huɗu ce ke riƙe kilo 95 a gangara, kuma duk lokacin da ka karkata nauyi ya bar wannan gefe, ko tayar ta hau yashi, sai ta zame. Da inji biyu, tayoyi biyu ke riƙewa, kowane bel yana ɗaukar rabin kaya, kuma idan ɗaya ya tsinke ɗayan yana nan. Allunan kamfanin Boosted, waɗanda suka fito ta shafin tara kuɗi na Kickstarter a 2012, da inji biyu da bel biyu suka yi suna. Kafin ka saya, ka auna tirok ɗinka, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya: jikin 6355 biyu milimita 110 ne, na 6374 biyu milimita 148, ban da kaurin mariƙan inji da faɗin bel, kuma ba kowane tirok ke ɗaukar na biyun ba. Tirok mai kusurwa a jikinsa, irin Caliber II, ya fi riƙe mariƙi a kan mai jiki kewayayye, wanda mariƙin ke juyawa a kansa komai ɗaurin da ka yi masa.

Bel ɗin da aka fi amfani da shi HTD 5M ne, mai tazarar milimita 5 tsakanin haƙora, kuma ana samunsa a faɗin milimita 9 da 12 da 15. Ga nauyinka kada ka sauka ƙasa da 12. Ƙa'idar ita ce aƙalla haƙora shida na ƙaramin fuli su kasance cikin bel a kowane lokaci. Da haƙora 15 da 36, idan tazarar tsakiyar fulin biyu ta kai milimita 70, haƙora shida da 'yan kai ne ke kamawa, wato kana bakin iyaka. Shi ya sa ba na son mutum ya sauka zuwa haƙora 12 don neman ƙarfin hawa, domin sakamakon shi ne bel ya riƙa tsallake haƙora lokacin birki, ka ji ƙarar kar-kar-kar a ƙarƙashinka a daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Mutane kan magance hakan da ɗaure bel tamau, sai su kashe boris ɗin inji. Daidai shi ne idan ka danna tsakiyar bel da yatsa ya ɗan lotsa milimita kaɗan, kuma tayar ta ci gaba da juyawa kaɗan idan ka murza ta ka saki. Game da tsakuwa, ka yi wa bel murfi, ka kuma riƙa tafiya da bel guda a jaka tare da makullin da ke kwance shi. Babban fulin dole ya dace da ramukan cikin tayarka, domin tsarin ramukan tayar ABEC 11 Flywheel daban yake da na tayar Orangatang Kegel. Kowane noti da ƙaramin sukurun da ke riƙe fuli a kan shaf, ka sa masa Loctite shuɗi, wato gam ɗin da ke hana noti kwancewa, ka bar shi ya kwana, domin jijjiga tana kwance duk abin da aka ɗaure da hannu kawai.

Na'urar sarrafawa kuwa, ka nemi wadda aka gina a kan VESC, tsarin da Benjamin Vedder ɗan ƙasar Suwidin ya ƙirƙira ya kuma saki a buɗe. Za ka buƙaci biyu da aka haɗa ta wayar CAN, wadda ke sada su da juna, ko guda ɗaya mai baki biyu. Injunan 63 galibi maganaɗisu 14 gare su, wato tagwaye 7, don haka juyin lantarki ya ninka juyin shaf sau 7. KV 190 a kan bolt 42 juyi 7,980 ne, sau 7 ya zama 55,860, wanda yake ƙasa da 60,000 da aka saba tsayawa a kai ga tsohon samfurin VESC 4.12. Da batir ɗinka 12S ne da ka haura wannan iyaka, amma a 10S kana cikin aminci. Ka sa na'urar a tsarin tuƙa inji da ake kira FOC domin shiru da laushin tashi, ka haɗa sansar Hall, wadda ke faɗa wa na'urar matsayin da injin yake, don kada allon ya yi karkarwa idan za ka tashi daga tsaye.

A saiti, ka bambanta amfiyar inji da amfiyar batir, ba abu ɗaya ba ne. A ƙaramin gudu na'urar tana iya tura amfiya 50 cikin inji alhali abin da take ja daga batir bai wuce 15 ba. An ƙayyade wa 30Q amfiya 15 a ci gaba, uku a haɗe 45 ke nan, don haka ka ba kowane gefe amfiya 20 na batir. Amfiyar inji ka fara da 40, ka ƙara a hankali ba tare da ka wuce abin da maƙerin injin ya rubuta ba.

Ga maganar da na ce zan zo kanta. Birkin nan lantarki yake mayarwa cikin batir. Iyakar cajin 30Q amfiya 4 ce ga kowace ƙwaya, 12 ga batir ɗinka, wato 6 a kowane gefe. Mafi hatsari kuma, idan ka fito da batir cike da bolt 42 ka faɗa gangara mai mita 600, babu inda lantarkin zai shiga. Boltej zai haura, ko na'urar kariyar batir ta yanke layi, ko VESC ta ga boltej ya wuce iyaka ta saki injin, kuma duk biyun ma'anarsu ɗaya, babu birki. Ka riƙa tsayar da caji a wajen bolt 41, ko ka yi zagaye na kilomita ɗaya ko biyu kafin ka doshi gangarar. Ka kuma koyi tsayawa da ƙafa kafin ka dogara da rimot, hular kwano a kanka tun daga gwajin farko.

Mai Naɗin Koyil

Na goyi bayan duk abin da aka faɗa game da birki. Ƙarin da zan yi biyu ne. Idan wata rana ka so tayoyin iska masu milimita 150, ka tuna cewa babbar taya tana buƙatar ƙarin ragin gudu, kusan sau 4, kuma a nan ne akwatin giya rufaffe mai giris a ciki yake nuna amfaninsa, domin tsakuwa ba ta shigarsa, ko da yake ya fi nauyi kuma jera haƙoransa yana son natsuwa.

Na biyu, ƙanina, ka tabbatar injunan da za ka saya suna da sansar zafi, ka kuma kunna ta a VESC Tool, wato manhajar saita na'urar, domin na'urar ba za ta kare abin da ba ta gani ba. A saitinta na asali tana fara rage ƙarfi a digiri 85, ta yanke a 100. Gwajin farko ka yi shi allon yana kife a kan tebur: ka ja rimot tayoyin su ɗauki gudu, sannan ka kashe rimot ɗin ka ga abin da zai faru. Ya kamata injunan su daina ja nan take ba tare da sun kulle ba. Bayan haka ka haura hawan sau biyu a jere, ka tsaya a sama ka karanta zafin kowane inji a wayarka, ka kawo mana lambobin tare da mafi ƙarancin boltej da batir ya nuna, mu ga ko za a ƙara amfiyar inji daga 40 ko a bar ta a nan.